Kakin Ganye Da Man Sinadari: Tarihin Abin Da Ake Shafa Wa Fentin Mota 🧵

1/
Zaren yau kan fentin mota ne. A shagon kayan mota akwai abu biyu da ake sayarwa don sheƙi da kariya: kaki, wanda aka fi sani da waks, da kuma man sinadari da ake kira silant. Tambayar da masu mota ke yawan yi ita ce: za a iya haɗa su a jikin mota ɗaya?

2/
Amsa a taƙaice: eh, ana haɗawa, amma akwai wanda dole ya riga shiga. Silant a ƙasa, kaki a sama. In ka juya tsarin, ka zubar da kuɗinka. Dalilin yana cikin tarihi, don an samar da su a zamani daban, saboda fenti iri daban. Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne, za ku ɗan sha kimiyya a hanya, amma ba mai sa ciwon kai ba.

3/
Mu fara da babban wa, wato kaki. Wanda ya fi suna a harkar mota shi ne carnauba. Ba kakin zuma ba ne. Daga ganyen wata bishiya yake, mai kama da giginya, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin Barazil, a jihohin Ceará, Piauí, Maranhão da Rio Grande do Norte. Yanki ne mai zafin rana da dogon rani.

4/
Bishiyar tana lulluɓe ganyenta da wannan kaki ne don kar rana ta tsotse mata ruwa lokacin fari. Wato tun fil azal aikinsa kenan: ya kwanta a SAMAN abu, ya tare rana da iska. Ba ya shiga ciki, ba ya ƙulla wata alaƙa da abin da ya kwanta a kai. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/
In rani ya shiga, ma'aikata kan yanko ganyen da wuƙa ɗaure a bakin doguwar gora, su shanya a rana, su bubbuge har garin kakin ya zubo, sannan a narkar a tace. Ganyen tsakiya da bai buɗe ba shi ke ba da kaki mai hasken ruwan ɗorawa, lamba ɗaya, mafi tsada. Tsohon ganye kuma ya ba da mai duhu.

6/
Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne tauri. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Selshiyas. Carnauba kuwa sai ya kai 82 zuwa 86. Yana cikin mafi tauri a duk kakin da ake samu daga tsiro, kuma in an goge shi yana ba da ƙyalli mai kyau.

7/
An yi kyandir da shi, an sa shi a man takalmi da man goge daɓe. Har yau shi ke sa alewa da ƙwayar magani sheƙi, in ka ga E903 a jikin leda to shi ne. Aikin yankan ganyen fa ba wasa ba ne: a 2017 tashar ARD ta Jamus ta nuna mummunan halin da wasu ma'aikatan gonakin ke ciki.

8/
To yaya aka yi kakin ganye ya haɗu da mota? Motocin farko, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, masu ƙera keken doki ne suke yi musu jiki, da yawa na katako. Fentin ma irin na keken doki ne: banish mai haɗin man tsiro, a shafa da burushi, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa.

9/
Fentin mota ɗaya kan ci makonni. Bayan duk wannan wahalar, rana da ruwan sama su dusashe shi cikin ɗan lokaci. Tunda fentin mota da na kujerar falo kusan abu ɗaya ne, sai mutane suka fara ɗaukar man goge kayan ɗaki suna shafa wa motocinsu. Daga nan sana'ar ta samo asali.

10/
Misali, kamfanin Meguiar's da kuke gani a shaguna yau, a 1901 Frank Meguiar Jr. ya kafa shi a Amurka, kuma da man goge katako ya fara. A 1910 kuma, a birnin Chicago, George Simons ya haɗa kakin carnauba na gwangwani domin mota, aka sa masa suna Simoniz. Ya yi tashen da sunan ya koma kalmar "goge mota" a bakin Amurkawa.

11/
Makonnin jiran fenti sun zame wa masana'antu ƙarfen ƙafa. Henry Ford ya bi tasa hanyar: daga 1914 zuwa 1925, motarsa Model T baƙa kawai ake fitarwa. Baƙin fenti ne mai haɗin kwalta, mai araha da ƙarko, sassan ƙarfe kuma a gasa su a ɗakin gashi. Mai son ja ko shuɗi sai ya nemi wata motar.

12/
Abu biyu ne suka sauya lamarin. Na farko bindigar feshi. Wani likita a Toledo ta jihar Ohio, Allen DeVilbiss, ya ƙera ɗan abin fesa magani a maƙogwaro a 1888. Ɗansa Thomas ya ɗauki dabarar ya mai da ita ta fesa fenti a 1907. Ka ji fa, daga ciwon maƙogwaro zuwa garejin mai fenti 😅

13/
Na biyu shi ne fentin Duco na kamfanin DuPont. Da naitroselulos aka yi shi, ɗan gidan su audugar da ake haɗa abin fashewa, wadda kamfanin ya ƙware a kai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Motar Oakland ta General Motors, ƙirar 1924, ita ta fara fita da shi, shuɗiya. Bushewar makonni ta koma ta sa'o'i.

14/
Ga abin lura game da wannan fenti da waɗanda suka biyo shi, inamel na shekarun 1930 da akirilik na shekarun 1950: duk ɓawo ɗaya ne. Launi da sheƙi a haɗe suke, babu wani rufi a sama. Rana na dukan launin kai tsaye, saman ya mutu, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa alli.

15/
A irin wannan fenti kaki sarki ne. Ana goge mataccen saman, man da ke cikin kakin ya jiƙa busasshen fentin, launi ya dawo da rai, kakin ya cike ƙananan ramuka ya rufe. Tambayi tsofaffin direbobin zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna: in an goge jar mota, tsumman ma ja yake komawa.

16/
Carnauba ya zama kadara har ta kai a 1935 H. F. Johnson Jr., shugaban kamfanin kakin Johnson da ke Racine a jihar Wisconsin, ya hau jirgin sama ƙirar Sikorsky S-38, mai sauka a ruwa da tudu, ya tafi Fortaleza babban birnin Ceará don ya ga yawan bishiyoyin da idonsa. Sunan da aka raɗa wa jirgin ma Carnaúba.

17/
Me ya kai shi? Tsoro. Duk masana'antar ta dogara da bishiyar da ƙasa ɗaya tak ke fitar da kakinta. Fari ko yaƙi kaɗai sun isa su tsayar da kasuwa. Mai kwando ɗaya ba ya barci da ido biyu a rufe. Shi ya sa masana suka dage neman abin da za a iya haɗawa a masana'anta.

18/
Nan ƙanin ya shigo. Tushen mafi yawan silant shi ne silikon, wani folima, wato doguwar sarƙar ƙwayoyin sinadari, da ake samarwa daga ma'adinin da ke cikin yashi. Frederick Kipping na Nottingham a Ingila ya shafe shekaru yana bincike a kansa tun farkon ƙarni na 20. Shi ya raɗa sunan, amma bai ga zai yi wani amfanin a-zo-a-gani ba.

19/
A 1940 Eugene Rochow na kamfanin General Electric ya gano hanyar samar da shi da yawa. A 1943 aka kafa kamfanin Dow Corning, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin kayansu na farko akwai wani maiƙo da ake shafa wa wayoyin wutar injin jirgin yaƙi, don kar wuta ta riƙa tsallake in jirgin ya yi sama sosai.

20/
Da yaƙi ya ƙare sai silikon ya shigo kasuwar farar hula, har da man goge mota. Zamanin ne kuma kakin ruwa na kwalba ya yi tashe, irin Turtle Wax da Ben Hirsch ya fara a Chicago a shekarun 1940. Kafin nan shafa kakin gwangwani aikin yini ne mai sa ciwon kafaɗa. Ɗigon man silikon ya sa yana shafuwa da gogewa cikin sauƙi.

21/
Ku lura da wannan: haɗuwar farko tsakanin kakin tsiro da sinadarin masana'anta a cikin kwalba ɗaya aka yi ta, kuma an zauna lafiya. Don haka masu cewa "na ganye da na sinadari ba sa jituwa" ba su faɗi daidai ba. Ba gaba ce tsakaninsu ba. Matsalar ta wa zai taɓa fenti kai tsaye ce.

22/
Man silikon na farko yana da rauni ɗaya: sabulu na wanke shi. Sai masana suka maƙala wa sarƙar wasu 'yan hannaye. Wasu, da ake kira amino, suna damƙe jikin fenti. Wasu kuma in sun sha danshin iska sai su kama juna, sarƙa ta haɗu da sarƙa, su zama kamar raga. Wannan ragar ita ce silant na zamani.

23/
Saƙa ragar na ɗaukar lokaci. Ka shafa, ka goge, mota ta yi ƙyalli, amma a ɓoye aikin bai ƙare ba. Mafi yawan kamfanoni kan ce a ba shi awa 12 zuwa 24 kafin ya nuna, ba ruwa, ba wani shafi a kai. Kamar siminti ne: ya bushe a ido daban, ya yi ƙarfi daban.

24/
Ana cikin haka shi ma fentin ya sauya. Tsohon fenti na fitar da tururin tina mai yawa, mai gurɓata iska. Hukumar Los Angeles ta kafa doka mai lamba 66 a 1966, Amurka ta yi dokar tsaftar iska a 1970. Ga kuma masu saye sun koma son fenti mai ƙyalƙyalin ƙarfe, wanda rana ke saurin ɓatawa in ba rufi.

25/
Mafita ita ce a raba aikin gida biyu: ɓawon launi a ƙasa, ɓawo marar launi mai kama da gilashi a sama, wanda masu fenti ke cewa kiliya. An fara a Turai a shekarun 1970, ya bazu a shekarun 1980. Kusan duk motar da ake shigo mana da ita ta Legas ko Kwatano yau irin wannan fentin gare ta.

26/
Kaurin kiliya na masana'anta wajen maikuron 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin silin gashin kai ba. Duk fentin gaba ɗaya, daga na hana tsatsa har zuwa sama, galibi tsakanin 100 ne da 150. A cikin wannan siririn ɓawon aka zuba sinadaran da ke tare hasken rana mai ƙona launi. Shi kaɗai ne garkuwar motarka.

27/
Kiliya roba ce gasasshiya, mai santsi, ba ta shan mai yadda tsohon fenti ke sha. Maganar "a ciyar da fenti" da wasu masu wankin mota ke yi gado ce daga zamanin Duco. A kan kiliya, kaki kwanciya kawai yake yi kamar yadda yake kwanciya a ganye. Silant kuwa domin irin wannan saman aka gyara shi, ya damƙe shi.

28/
Shi ya sa ƙarkonsu ya bambanta. Kakin carnauba kan yi wata ɗaya zuwa uku, a wuri mai zafi ma bai cika kaiwa ba. Silant mai kyau kan yi wata huɗu zuwa shida. To me ya sa ba a watsar da kaki ba? Saboda kyan gani. A baƙar mota ko ja, yana ba da wani sheƙi mai zurfi kamar jiƙaƙƙen fenti, yana ɓoye ƙananan zane.

29/
Sheƙin silant kuma kaifi gare shi, kamar madubi. Masu son mota suka ce to mu ci riba biyu mana, ƙarkon wannan da kyan wancan. Daga nan al'adar ɗora ɗaya kan ɗaya ta fito, tare da tambayar wa zai riga. 'Yan mata masu ƙunshi sun riga mu sanin amsar, bari ku gani 👇

30/
Lalle ba ya kama hannun da aka shafa wa basilin. Dole fata ta zama wankakkiya, a sa lalle, a jira ya kama. Bayan an cire ne ake shafa mai, launin ya ƙara fitowa. Silant shi ne lallen, kaki shi ne man. Wanda ke buƙatar kama jiki shi ke fara shiga, mai kwanciya a sama ya biyo baya.

31/
In ka shafa silant a kan kaki, 'yan hannayen nan ba za su samu fenti ba, kaki za su tarar, shi kuma an yi shi ne don kar komai ya manne masa. Sakamakon: dabbare-dabbare, wahalar gogewa, kuma ranar da kakin ya tafi zai tafi da silant ɗin. Ka sayi kariyar wata shida, ka samu ta wata ɗaya.

32/
In kuwa kaki ne a kan silant da ya nuna, babu matsala, don kaki bai damu da abin da ke ƙarƙashinsa ba. Shi zai fara shan rana da ƙura da kashin tsuntsu, ya ƙare, silant na nan a ƙasa yana gadi. Sai dai akwai sharuɗɗa uku, kuma a nan mutane suka fi tafka asara.

33/
Sharaɗi na ɗaya: jira. Tsantsar carnauba tauri gare shi kamar dutse, ba ya shafuwa. Kafin ya zama abin da ke cikin gwangwani sai an narkar da shi da ruwan narkarwa, galibi dangin kananzir, an ƙara mai. In ka ɗora shi kan silant da bai nuna ba, wannan ruwan zai warware ragar tun ba ta gama saƙuwa ba.

34/
A nan ne kuma za ku gane rubutun "100% carnauba" da ke jikin wasu gwangwanaye. Ba wai duk abin da ke ciki carnauba ba ne, da haka ne da sai da guduma. Ma'anarsa: ɓangaren kakin da ke cikin haɗin carnauba ne zalla. Shi kansa kakin galibi bai kai rabin gwangwanin ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

35/
Sharaɗi na biyu: kakin ya zama marar goga. Tun zamanin fenti mai mutuwa ake zuba wa wasu kakin garin goga mai laushi da sinadarin wanki, don su kankare mataccen sama. Har yau su suka fi yawa a kasuwa. A jikinsu za ka ga "cleaner wax" ko "all in one". Irin wannan a kan silant kankare shi zai yi tas.

36/
Sharaɗi na uku: ka san cewa na sama shi ke mulki. Yadda ruwa ke gangarowa, yadda ƙura ke kamawa, duk halin ɓawon ƙarshe ne. Kaki mai maiƙo ya fi silant riƙe ƙura. Ga wanda ke Kano ko Sakkwato ko Damagaram a watannin hunturu, lokacin da hazo ke sauka dare da rana, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

37/
Ga kuma zafi. A watan Afrilu iska kanta na haura digiri 40 a garuruwanmu, rufin baƙar motar da ta yini a rana kuwa na iya wuce 70. Carnauba bai narke ba tukuna, amma man da aka haɗa shi da shi ya yi laushi, ƙura ta nutse a ciki, kariyar ta yi saurin ƙarewa. Silant ya fi jure wannan.

38/
Wani zai ce to bari in juye su a kwalba ɗaya in girgiza, in huta. Kar ka soma. Kowanne an daidaita shi da nasa sinadaran da ke hana mai da ruwa rabuwa, kuma ba lallai na wannan su jitu da na wancan ba. Haɗin na iya tsinkewa kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami. Masu haɗin biyu na kamfani, a ɗakin gwaji aka daidaita su.

39/
Akwai ɗan autan gidan, rufin seramik, wanda ya yi tashe daga Japan a shekarun 2000. Shi ma daga dangin ma'adinin yashi yake, yana daskarewa ya zama siririn ɓawo mai tauri, ya yi shekaru. Dokar ba ta sauya ba, ta ma ƙara tsanani: fenti tsirara yake so. Kaki a kansa ba ya ɓata shi, amma yana rufe santsin da ka biya kuɗi dominsa.

40/
Ku yi hattara da masu tallan "silant mai Teflon". Roy Plunkett na DuPont ne ya gano Teflon a 1938, kuma sai a wajen digiri 327 yake narkewa. Kafin ya zama rufi a kaskon suya sai an gasa shi da wuta mai tsanani. A kwalbar man mota gari ne kawai yake yawo. In man ya yi aiki, sauran folimar ciki ce ta yi.

41/
Sabon fenti fa? Na masana'anta an gasa shi a wajen digiri 140, ya gama nuna tun kafin motar ta fito. Na gareji ba haka ba ne, tina na ci gaba da fita daga cikinsa. Masu yin fenti kan ba da shawarar a jira kwana 30 zuwa 90 kafin a rufe shi da kaki ko silant. Wanki da ruwa da sabulun mota ya isa a lokacin.

42/
In kuma za ka kai mota fenti, gaya wa mai fentin abin da ka taɓa shafa mata. Silikon, ko ɗan kaɗan ne, yana hana sabon fenti kwanciya, sai ka ga ƙananan ramuka zagaye-zagaye da ake kira idon kifi. Yawancin kakin kasuwa ma akwai silikon a ciki. In ya sani zai wanke jikin da sinadarin cire maiƙo kafin ya fesa.

43/
Babban abokin gabar duka biyun kuwa yana wurin wankin mota: omo da sabulun wanke-wanke. An yi su ne don su cire maiƙo, kaki kuma dangin maiƙo ne. Wanki kaɗan sun isa su tafi da shi. Silant ya fi jurewa, amma shi ma yana raguwa. Ƙara da tsumma ɗaya da aka goge taya aka dawo da shi kan bonet. Araha ba ta ado.

44/
Ga tsarin a jere, ku adana:
1. Wanki da sabulun mota, a inuwa, jiki ya huce.
2. Cire tsohon kaki da dattin da ya manne. In fentin ya dusashe a yi folish mai laushi.
3. A goge da ruwan IPA da aka sirka, don cire man folish.
4. Silant, shafi siriri.
5. Jira awa 12 zuwa 24.
6. Kaki marar goga, in ana so.

45/
Daga nan kaki za ka iya sabunta shi duk wata ɗaya ko biyu ba tare da ka taɓa na ƙasa ba. Amma ranar da za a sake silant, sai an koma mataki na biyu, an cire komai. Wanda ke shakka ya gwada: raba bonet biyu da salatif ɗin masu fenti, gefe guda silant a ƙasa, ɗaya gefen kaki a ƙasa. Bayan wanki biyar ka watsa ruwa. Gani ya kori ji.

46/
Me ya sa duk wannan ya dame mu? Saboda kiliya ba ta tsirowa. Kun san motocin nan da rufinsu da bonet suka yi fari suna ɓarewa kamar fatar maciji? Kiliya ce rana ta cinye. In ta kai nan babu kaki ko silant da zai dawo da ita, sai sabon fenti. Kuma duk folish mai ƙarfi da aka yi, an rage mata kauri.

47/
A kasuwar motocinmu kuwa kowa ya san darajar "fes bodi". Da mai saye ya gane an sake fenti, zai fara zargin haɗari aka yi, farashi ya faɗi ko da motar ba ta taɓa gogar ko keke ba. Ga matashin da ya tara kuɗi shekaru, ko mai kabu-kabun da motar ce jarinsa, wannan siririn ɓawon dukiya ce.

48/
Ra'ayina: a yanayinmu na rana da ƙura, in abu ɗaya za ka iya saya, sayi silant, ka nemi inuwar ajiye mota, ka raba ta da omo. Kaki a sama ado ne, ya fi dacewa da baƙar mota ko ja, kuma bayan hunturu ya wuce. In kuma tsohuwar mota gare ka mai fenti ɓawo ɗaya, kaki har gobe abokinta ne.

49/
Nan zan tsaya. Wanda ke da gwangwani ko kwalba a gida bai gane ko mai goga ba ne, ya ɗauki hoton bayanta ya ajiye a ƙasa, mu duba tare. Ku tura wa mai wankin motarku da duk abokin da ya yi sabuwar mota. Masu sana'ar fenti da ke nan, ku ƙara mana da abin da kuke gani a gareji 🙏